Hannun Mai Safa

Da aka nuna mini rumfarta, sai da na tsaya daga nesa ina shawara da zuciyata. Ban daɗe da dawowa daga karatu ba na tarar da wasu tsofaffin sulalla cikin kayan kakanmu, wani mai son gyara ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya manne su a jikin kwali da salatif. Gam ɗin ya bushe ya yi ja, ya kama ƙarfen kam. Aka ce mini akwai wata mata a bayan layin masu gyaran agogo da take wanke irinsu da sinadari, ana kiranta Mai Safa. Na iso daidai lokacin da ta zare safar hannunta za ta wanke hannu. Fatar hannunta na dama ta tattare kamar ledar da ta ji wuta, ƙananan yatsu biyu sun manne da juna. Na ce a raina, wanda ya iya aiki da abu mai kama wuta ba ya ƙarewa da irin wannan hannu. Na ba ta aikin ne kawai don ba ni da wani wurin kaiwa. Labarin kuwa a hankali na same shi, wani daga bakinta, wani daga bakin telan da suka zauna gidan haya ɗaya.

'Yar mai wanki da guga ce. Ta tashi tana ware farare daga masu zuba, ta san abin da ke fitar da tabon mai da abin da ke cinye yadi. Da ta girma ta samu aiki a wani shagon magani tana wanke kwalabe. Ranar da agogon babanta ya tsaya ta kai shi gyara, a nan ta haɗu da mutumin da za ta aura. Yatsunsa ne suka fara burge ta, dogaye, tsaf, babu datti ko a ƙarƙashin farce. A hankali yake magana, kamar mai tsoron kada ya hure ƙananan kusoshin da ke gabansa. Babanta ya ce mutumin da zai wuni a kan abu kamar ƙwayar yashi ai ba a tambayar haƙurinsa.

Ba su daɗe da aure ba gyaran agogo ya fara ja da baya, kowa ya koma duba lokaci a waya. Wani dillalin tsofaffin kaya da ake wa laƙabi da Tabarau, saboda gilashin duba ƙananan abubuwa da ba ya barin wuyansa, shi ya kawo wa mijinta, wanda ake kira Mai Agogo, sabuwar hanya. Akwai masu tara tsofaffin sulalla, suna son a cire musu gam da maiƙo da koren dattin da jakar roba ke bari a jikin ƙarfe. Mai Agogo ya riga ya san sinadarin, da shi yake wanke cikin agogo. Ya kwaso aikin ya dawo da shi gida. Ɗaki ɗaya ne, gado a gefe, teburi a ƙarƙashin taga, tagar kuma tana kallon tsakar gida inda Tela yake kafa keken ɗinkinsa.

"Wannan ba ruwa ba ne, ko da kin ga ya yi kama da ruwa," ya ce da ita ranar farko, yana ɗaga kwalbar. "Asiton sunansa. A kwanon gilashi ake zuba shi, roba narkar da ita yake yi. Kaɗan, iya abin da zai rufe sulen. Kina zubawa ki toshe kwalba. Sule a gefe ake riƙe shi, ba a fuska ba. Kuma ba a gogewa. Me na ce?"

"Ba a gogewa."

"Duhun nan da ke jikinsa shi mai saye yake nema. Kika sa ya yi ƙyalli, kin mai da shi ƙarfen banza."

Ta koyi tsamo sule da hantsakin katako, ta ɗauraye shi a kwano na biyu, ta ajiye a kan farin ƙyalle ya bushe da kansa. Ta koyi cewa ragowar ba a zuba shi a kwata, waje ake kaiwa cikin inuwa, nesa da murhun kowa, iska ta shanye shi. Babbar dokar kuwa da mari ya koya mata ita. Iska ce ta dame ta wata rana ta ja tagar, kafin ta juyo ta ji wuta a kuncinta.

"Muddin kwano a buɗe yake, taga a buɗe take. Babu ashana, babu risho, babu sigari. Tururinsa ya fi iska nauyi. Ƙasa yake bi yana neman wuta."

Ta riƙe kuncin ta ce ai gaskiyarsa ce, tsoro ne ya sa shi. Mari na biyu ba shi da alaƙa da aiki. Na uku ma ba mari ba ne.

Mai Agogo mutum ne mai tsari ko a wajen duka. Ba ya ɗaga murya, ba ya kuma ɗaga hannu a gaban mutane, don yana ji da sunansa. Sai ya rufe taga tukuna, ya sa sakata a ƙofa, ya cire agogonsa ya ajiye a kan teburi kada ya fashe, sannan ya zare bel. Ɓangaren ƙarfen yake juyowa. Idan bel ya ishe shi sai ya koma ƙafa. In ya gama ya zauna a bakin gado ya kunna sigari, hannunsa ko rawa ba ya yi. Dalili ba ya wuyar samu: gishiri ya yi yawa, ta daɗe wajen ɗebo ruwa, ta yi dariya da maganar Tela. Ya cire mata haƙori ɗaya na gefe. Ya karya mata haƙarƙari, ta yi makonni tana numfashi rabi-rabi. Kunnenta na hagu har yau ba ya ji sosai.

Babanta ya riga ya rasu. Ta je wajen yayar mijin, wadda kowa ke ce wa Yaya Babba, ta ɗaga riga ta nuna mata bayanta. Yaya Babba ta duba, ta ja tsaki mai tausayi, ta ɗauko man zafi.

"Haka Baba yake, Allah ya jiƙansa. Innarmu ta ga abin da ya fi wannan. Ke dai ki rage baki, ƙanwata."

"Yaya, ni wane bakin gare ni?"

"To ki rage ido. Wani kallon ma magana ne."

Ta koma. Bayan nan ne ya shaƙe ta har ta daina ganin komai, ta farka a ƙasa da ɗanɗanon jini a maƙogwaro, shi yana bakin gado da sigarinsa yana kallon bango. Daga ranar ta daina tunanin zai canza. Abin da ta sani shi ne wata rana zai rufe tagar nan, ita kuma ba da ƙafarta za ta fita ɗakin ba.

Mafakar da ta samu cikin aikin ta same ta. Wata rana ya shigo fuska a ɗaure tamau, tana zaune da sulalla a cikin kwano. Ya miƙa hannu zai ja taga, sai ya tsaya, ya dubi kwanon. Ya tsaya haka har tana jin numfashinsa a ƙeyarta. Sannan ya juya ya fita. Da taga a buɗe ba zai dake ta ba, da kwano a buɗe kuma ba zai rufe taga ba.

Ta san takunsa. Idan lafiya yake tafe, takalminsa ƙwas-ƙwas yake yi. Idan da abu a zuciyarsa, jan ƙafa yake yi tun daga bakin ƙofar gida. Tana jin jan ƙafar sai ta ɗauke murfin kwano ta tsiyaya asiton, ta zauna ta sunkuya. Ranar da babu aiki sai ta mai da waɗanda ta riga ta gama. Akwai wani sule mai huda a tsakiya da ta ce ita kanta ba ta san sau nawa ta wanke shi ba. Kanta ya riƙa ciwo, fatar yatsunta ta yi fari ta tsattsage, amma da yamma mutane suna ganin fuskarta a taga.

"Matar Mai Agogo, sannu da aiki," Tela yakan ce, ƙafarsa na kan keke. "Wai sulallan nan haihuwa suke yi ne? Tun safe kike wanki ba su ƙare ba."

"Kai ma tun bara kake ɗinka wandon mutumin nan, ban ce maka komai ba."

"Shi ne yake ƙara ƙiba, ni mene ne laifina?"

Tela ya gane, matarsa ma ta gane, duk gidan sun gane. In taga a buɗe take, kowa ya ci gaba da harkarsa. In ta rufu da rana tsaka, sai Tela ya ƙara wa kekensa gudu, mata su kira 'ya'yansu ɗaki. Ya taɓa buga ƙofar sau ɗaya. Mai Agogo ya buɗe da murmushi ya tambaye shi ko allura ce ta ɓace masa, washegari kuma matar ta fito da ido ɗaya a rufe. Tela bai sake bugawa ba, kuma da ya zo nan a labarin sai ya sunkuyar da kai ya daɗe yana gyara zaren da ba abin da ya same shi.

Kwano ba ya zama a buɗe har abada. Dole a yi girki, dole a kwanta. Abin da ta kauce wa yau yana jiranta gobe, ya ƙaru. Amma a zaman dolen nan hannunta ya faɗa, ta zama ta fi shi iya aikin nesa ba kusa ba. Ita ba ta gaggawa, don ba ta son ta gama. Shi kuwa haƙurinsa ya fara ƙarewa, in gam ya ƙi fita sai ya sa tsumma ya murza, abin da shi da bakinsa ya hana.

Wata safiya Tabarau ya shigo da babban aiki. Ana rushe wani tsohon otal, aka ciro wani allo da aka yi wa ado da sulalla, kowanne an manne shi da gam mai kauri. A tsakar gida ya sauke buhun, ya yi maganar da ƙarfi don shi ba ya iya magana a hankali.

"Amma don Allah, ranka ya daɗe, a bar wa maiɗakinka wannan. Na bayan nan da ka taɓa, mai saye ya sa gilashi ya ga zane-zane kamar kaza ta yi tono. Hannunta ake so."

Tela ya yi dariya. Ba da mugunta ba, maganar kazar ce ta ba shi dariya. Mai Agogo ma ya yi murmushi, ya raka baƙonsa har bakin titi.

Da ya dawo ya ce shi zai yi aikin, kuma a yau. Ya ɗauko babban tiren ƙarfe, ya juye sulallan duka, ya tuttula asiton har jarkar ta kusa ƙarewa. Ya tura tiren ƙarƙashin teburi ya rufe da takardar jarida.

"Malam, ya yi yawa," ta ce. "A kai shi waje inuwa mana."

"Ni na koya miki ko ke kika koya mini? Ki taɓa shi ki gani."

Ya fita. Ta wangale taga da ƙofa, ta bi matan gidan ta roƙe su kada kowa ta kunna risho ta wannan gefen. Ta zauna a bakin ƙofa tana jira.

Rana ta karkata ta ji jan ƙafar. Maganar kaza ta riga shi isa layin masu gyaran agogo, an yi ta yi masa ita. Ta tashi da sauri ta ɗauke murfin kwano, amma ya riga ya shigo. Ya karɓi murfin daga hannunta a hankali ya mayar. Ya toshe kwalbar ya ɗora a kan katakon sama. Ya duba teburin daga wannan gefe zuwa wancan, yadda ya saba dubawa, ya ga komai a rufe.

"Kin ɗauka ban gane ba?" ya ce. "Shekara da shekaru kina wasa da hankalina."

Ya ja taga. Ya sa sakata. Ya cire agogo.

Bel ɗin ya fara sauka a kafaɗa, na biyu ya same ta a baki. Ta faɗi ta dunƙule, ya bi ta da ƙafa, a ciki, a baya, a cinya. Ya ɗago ta da gashi ya buga kanta da ƙafar gado. Ya daɗe, ya fi yadda ya saba. A waje keken Tela yana gudu. Tana kwance kuncinta a kan siminti warin ya cika mata hanci, mai kauri, mai sanyi, har idonta yana ruwa. A nan ta tuna. Shi yana tsaye, hancinsa kuma ya daɗe da sabawa, ɗakin ai kullum warinsa ke nan. Kwanon da idonsa ya saba nema a rufe yake. Tiren da ya zuba da hannunsa fushi ya shafe masa shi.

"Tiren," ta ce. Leɓenta ya fashe, maganar ta fito a dagule. "Malam, tiren yana ƙasa."

"Yau babu wannan dabarar."

Ya durƙusa ya danne bayanta da gwiwa. Ya kamo wuyan hannunta na dama ya manne shi a ƙasa, kusa da ƙafar teburi. Da ɗaya hannun ya laluba aljihu ya ciro laita.

"Wannan ne hannun da ake so?"

Ta yi ƙoƙarin fizgewa, ta kira sunan Tela, ta sake cewa tiren. Ya kawo laitar daf da yatsunta ya ƙyasta. Ba ta kama ba. Ya sake ƙyastawa.

Ta ce ba ƙara ta fara ji ba, wani irin huci ne, kamar an kaɗa babban bargo. Wutar ba ta da launi sosai, ta bi ƙasa a guje ta shige ƙarƙashin teburi, takardar jaridar ta tashi sama tana ci. Ya zabura, ƙafarsa ta doki tiren, ruwan wuta ya malalo da sulalla a ciki, ya bi wandonsa ya hau rigarsa, ya kama hannun rigarta. Gilashin taga ya fashe. Bai taɓa ihu a ɗakin nan ba sai ranar. Yatsunsa kuwa, maimakon su buɗe, ƙara matsewa suka yi a wuyan hannunta kamar an ɗaure da waya.

Ta ja jiki da gwiwa zuwa ƙofa, nauyinsa yana biye da ita. Ta miƙa hannun hagu ta lalubi sakata, ƙarfen ya ƙi motsi, ta buga shi da tafin hannu har ya zame. Daga waje Tela ya riga ya ɗauko bencinsa yana dukan ƙofar. Ta buɗe, hayaƙi ya fito, sannan ita, a durƙushe, gashinta yana ci, tana jan mijinta a ƙasa. Tela ya fizgo wani yadi mai kauri na mutane ya lulluɓe su. Matarsa ta yi ta sheƙa musu ruwa, bokiti bayan bokiti, maza suka taru a kan ɗakin da ruwa da yashi. Sai da mutum biyu suka ɓamɓare yatsunsa daga hannunta, ɗaya bayan ɗaya.

Ta daɗe a asibiti. Shi ya fi ta daɗewa. Ya rayu, amma fuskarsa da ƙirjinsa sun tafi, yatsun nan dogaye sun ƙandare, ko maɓallin riga ba ya iya sawa. Labari ya zaga unguwa cewa mata ta shiga tsakanin mijinta da mutuwa, ta jawo shi daga wuta bayan duk abin da ya yi mata. Mata suka riƙa zuwa dubiya suna kawo 'ya'yansu su gan ta. Yaya Babba ta durƙusa a gefen gadon tana kuka.

"Ƙanwata, kin biya mu. Samun irinki sai an tona. In kun koma, wallahi ni zan tsaya a kansa."

Bakinta a naɗe yake da bandeji. Ranar da aka sallame ta ba ta bi ta gidan hayar ba. Ta sauka wajen wata ƙanwar babanta, ta kai ƙara gaban alƙali, ta nuna bayanta da haƙorinta da kunnenta, Tela ya zo ya faɗi abin da ya sani, aka raba auren. Waɗanda suka yabe ta suka koma mamaki, wasu suka ce asibiti ya taɓa mata kai. Shi yana wajen Yaya Babba har yanzu.

Tabarau ne ya nemo ta da aiki, yana ta ba da haƙuri a kan bakinsa. Ta koya wa hannun hagu riƙe hantsaki, na dama ya koma tallafa kwano. Rumfar da ta kama ba ta da bango ta gefe biyu. Ba ta sayen asiton a jarka, ƙaramar kwalba take saye, ta ƙare ta sake sayowa. Akwai bokitin yashi a ƙarƙashin bencinta. Duk wanda ya tunkaro da sigari a hannu, tun daga nesa take tsayar da shi, kuma ba ta duba girman rigarsa. Masu gyaran agogon layin suna tsokanarta da cewa ta fi gidan mai doka. Takan ce musu gidan mai ai yana da motar kashe gobara a kusa, ita kuwa su gare ta, su ma ba ta ga alamar za su iya gudu ba.

Ranar da na je karɓar sulallan kakanmu, gam ya fita tas, duhunsu yana nan yadda yake. Tana naɗe su a takarda hannun rigarta ya zame, na ga abin da ban lura da shi ba a da. A wuyan hannun, tsakiyar tabon, akwai layuka na lafiyayyar fata inda wuta ba ta taɓa ba, huɗu a sama, ɗaya mai kauri a ƙasa. Ta ga ina kallo, ba ta rufe ba.

Na ce, "Inna, in tambaye ki? Da ya cika hannunki a lokacin, da kin fito da shi?"

Ta gama naɗin, ta lanƙwasa bakin takardar, ta miƙo mini.

"Mutane sun ce na cece shi, ban taɓa musa musu ba, ban kuma taɓa cewa haka ne ba. Ni ƙofa kawai nake gani, ɗana. Da ya cika ni, ban san me zan yi ba. Bai cika ba."